Abin Da Magatakarda Ya Ji Ta Bango

Ranar da aka fitar da Magatakarda daga ɗakinsa sai da aka tambaye shi, don kada wani ya ce ba a tambaye shi ba. Ɗansa, wanda ake kira Auta, ya tsaya a ƙafar gado ya ce za a mai da shi ɗakin baya, can ya fi shiru ga mara lafiya, nan kuma za a riƙa karatu. Magatakarda ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa don ya ce a'a. Harshe ya yi nauyi, leɓe ya karkace, abin da ya fito shi ne, "To."

"Kin ji ko, Inna? Ya yarda," in ji Auta.

Matar Magatakarda, wadda kowa ke kira Inna har shi mijin, ta ce ta ji.

Wata takwas ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ciwon ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya tafi da magana, ya bar masa wannan kalma guda. In yunwa yake ji, to. In faɗa yake son yi, to. Hankalinsa kuwa yana nan garau, kamar lokacin da yake zaune a gefen alƙali a kotun shari'a, inda ya shekara talatin da ɗaya yana rubuta abin da mai ƙara ya ce da abin da wanda ake ƙara ya amsa.

Ɗakin baya ɗakin ajiya ne. Aka ture buhunan gawayi gefe, aka jingine tsohon kekensa, aka shimfiɗa katifa a ƙasa. Tagar ƙarama ce, tana kallon katangar maƙwabta. Bangon da ya raba shi da ɗakin gaba bai kai rufi ba, magini ya bar tazarar kamu ɗaya a sama, saboda haka duk abin da aka faɗa can sai ya zubo nan kamar ruwan indararo. Littattafansa na fiƙihu da na rabon gado, waɗanda ya ɗinke da hannunsa, Auta ya loda su a buhu ya ajiye ƙarƙashin rumfa inda kwano ke yoyo. Ya ce littattafan malaman gwamnati ne.

Auta ba yaro ba ne. Shekararsa ashirin da bakwai, yana gyaran waya a bakin kasuwa kafin ya rufe shagon. Abokansa biyar ne, wani lokaci shida, suna zuwa bayan la'asar. Sukan cire batir daga wayoyinsu su zuba a kwano a bakin ƙofa, sannan su shiga su sa sakata. Su ba sa ce masa Auta, Amir suke ce masa. Magatakarda ya san muryoyinsu, duk 'ya'yan layin ne. Akwai ɗan mai burodi, akwai ɗan tela, akwai ƙanen mai wankin mota. Har da wanda Magatakarda da kansa ya rubuta takardar rabon gadon ubansa.

Da farko ya ce a ransa, ko ma mene ne karatu karatu ne. Sai ya riƙa jin yadda suke karya wa Larabci ƙafa, su ɗauko rabin magana su bar rabi, su gina hukunci a kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, da ma ya sani, amma bai taɓa jin sa yana shaƙe mutane a kusa da kunnensa haka ba. Wata rana ya ji Auta yana cewa duk wanda ya ci albashi a kotun da ke ƙarƙashin wannan gwamnati ya fita daga addini, alƙali ne, masinja ne, magatakarda ne. Ɗan tela ya yi ƙasa da murya ya ce, to mahaifinka fa?

"Gaskiya ba ta da uba," in ji Auta.

Daga ranar bai sake yi wa mahaifinsa sallama ba, bai sake taɓa shi ba. Abincin da ake saya da fanshon tsohon kuwa bai daina ci ba, har yakan ce a ƙara wa baƙinsa.

Likita ya ce a riƙa juya mara lafiya duk bayan awa biyu. Magatakarda mutum ne mai ƙashi, Inna kuwa 'yar ƙarama ce, ga ciwon baya. Takan sa kafaɗa ta tura, ya ɗan ɗago ya koma, ta zauna tana haki. In ta kira Auta sai ya ce yana zuwa, zuwan da ba a yi. Awa biyu ta zama sau biyu a yini, sau biyu ya zama sau ɗaya. Fatar ƙugunsa ta yi ja, ta yi baƙi, ta buɗe.

Inna takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana ba shi shayi da cokali, tana magana ba tare da ta kalli idonsa ba. Ta ce ai gara wannan da 'ya'yan mutane masu shan ƙwaya. Ta ce yaron nan ba ya sata, ba ya bin mata, salla ba ta wuce shi. Ta ce zafin sabon karatu ne, in ya yi aure zai huce. Ta ce shi ma Magatakarda da yana saurayi ai an ce ba a iya masa. In ya kau da kai daga cokalin sai ta ce ciwo ne ke sa shi fushi, ta goge masa baki da gefen zane.

Babbar 'yarsu, wadda Auta ya taso yana kira Yaya, malamar makaranta ce a can ƙarshen gari. Ta zo wata Asabar, ta ɗaga labulen ɗakin baya, wari ya tare ta. Ta ɗaga rigar mahaifinta ta gani, ta fita tsakar gida tana kuka tana kiran Auta. Ya fito ya tsaya nesa da ita ya ce macen da ke fita kullum ba muharrami tana koyar da boko ba ta da bakin yi masa wa'azi, kuma daga yau kada ta sake taka gidan nan. Ta ce gidan ubanta ne. Ya ce ta gwada ta gani.

Yaya ta kira Baffa, ƙanen Magatakarda, direban babbar mota. Baffa ya zo da yamma ya zauna a tabarma, ya saurari kowa, ya yi ta jan carbi. Yaya ta ce abin da ake yi a ɗakin gaba ba karatu ba ne, a sanar da hukuma tun wuri. Baffa ya ce ke yarinya ce. Ya ce in aka kira sojoji ba Auta kaɗai za su ɗauka ba, layin nan gaba ɗaya za su kwashe, su rushe gidan da mara lafiya a ciki. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma shi zai yi wa yaron nasiha in ya dawo daga tafiya. Yaya ta ce to a ba ta mahaifinta ta tafi da shi. Nan Inna ta miƙe ta ce tana da rai ba za a kai mijinta gidan suruki ba, me duniya za ta ce da ita? Baffa ya leƙa ɗakin baya ya ce, Yaya Magatakarda, a bar maganar a cikin gida ko? Magatakarda ya girgiza kai iya ƙarfinsa, amma baki ya riga ya faɗi abin da ya saba faɗa, kuma Baffa bakin ya zaɓa ya ji. Yaya ta sake zuwa sau biyu, aka hana ta shiga. Daga nan sai dai ta aiko da sabulu.

Mutum ɗaya ya rage mai shigowa ɗakin baya, shi ne Mai Allura. Yana da shagon magani a kusurwar layin, tsoho ne gajere mai sanƙo, shekara ashirin yana aiki a asibiti kafin ya buɗe nasa wurin. Duk Litinin da Alhamis da hantsi zai shigo da jakarsa, ya yi sallama da ƙarfi ya ce, Allah ya gafarta malam, yau ƙarar wa za mu ji? Sai ya amsa wa kansa ya ce ƙarar ƙugu ce, ƙugu ya kai katifa ƙara. Ya iya juya mutum ba tare da ya ji masa ciwo ba. Zai wanke gyambon da ruwan gishiri, ya shafa magani, ya rufe da bandeji, ya murza masa yatsun da suka ƙage yana ba shi labarin layi, wa ya haihu, wa ya sayi babur ya kasa hawa. A waɗannan ranaku biyu ne kawai Magatakarda ke jin har yanzu shi mutum ne.

Wata Litinin Mai Allura ya makara, bai zo ba sai bayan la'asar. Ya buɗe bandeji ya ga gyambon ya ci har ana hango fari a ciki. Bai yi wasan da ya saba ba. Ya gama aikinsa ya fita, ya buga ƙofar ɗakin gaba da tafin hannu har aka buɗe.

"Auta, ni na yi maka allurar farko a duniya, saboda haka zan faɗa maka," in ji shi. "Wane littafi kuke karantawa a nan da ya ce ka bar ubanka ya ruɓe da rai? Ko kafiri ne ubanka, addinin nan cewa ya yi ka kyautata masa. Balle mutumin da ya haddace abin da ku ba ku iya karantawa ba."

Ba wanda ya amsa. Magatakarda ya ji an mai da ƙofa a hankali, an sa sakata. Shirun ya fi ba shi tsoro a kan a ce an yi zagi.

Bayan mako guda, ranar Talata da safe, sojoji suka kama ɗan tela a cikin kasuwa. Ranar Laraba bayan la'asar sauran suka taru, kuma wannan karon ba a buɗe littafi ba. Auta ya ce akwai mai kai rahoto a layin nan. Ƙanen mai wankin mota ya ce an ce an ga wani soja ya shiga shagon Mai Allura ya daɗe. Aka tambaye shi shi ya gani? Ya ce a'a, amma wanda ya faɗa masa ba ya ƙarya. Ɗan mai burodi ya ƙara da cewa da ma tsohon yana yi wa yara allurar gwamnati, ga shi ya ci mutuncin Amir a gaban jama'a.

Magatakarda yana kwance yana kallon tazarar da ke saman bango, aikin shekara talatin da ɗaya ya tashi a kansa ba tare da ya kira shi ba. Wa ya naɗa alƙalin nan? Ina wanda ake ƙara, an kira shi, an ji daga bakinsa? Ina shaidu biyu adalai da suka gani da ido? Tun yaushe wanda aka yi wa faɗa yake zama alƙali a kan wanda ya yi masa faɗan? Ya tuna wani tsohon alƙali da ya yi aiki da shi, wanda aka kawo wa ƙarar satar akuya. Mai shaida ya ce ya ga kamar wannan mutumin ne. Alƙali ya ce a rubuta kalmar kamar, a ja mata layi. Sau uku ana ɗage zama ana neman wanda zai cire kamar ɗin nan, ba a samu ba, aka sallami mutum. Alƙalin yakan ce shari'a ta fi son ya yi kuskure ya saki mai laifi a kan ya yi kuskure ya hukunta mara laifi. A kan akuya ke nan. Nan kuwa ran mutum ne, kuma kafin shayin da Inna ta miƙa musu ya huce an gama.

"Ɗan leƙen asiri ne, jininsa ya halatta," in ji Auta. "Wannan shi ne hukuncin shari'a."

Magatakarda ya ɗaga hannun hagu ya daki bango, ya sake duka. Ya buɗe baki ya kurma ihu, ihun ya fito da kalmarsa guda, sau uku, sau huɗu. Ɗakin gaba ya yi tsit. Sai ɗan mai burodi ya yi 'yar dariya ya ce, ka ji, tsohon ma ya amince.

Da Inna ta shigo kafin magariba da kwanon abinci, ya ture cokalin. Ya ja jiki har hannunsa ya kai bakin buhu, ya ɗauko gawayi. Haruffa sun daina yi masa biyayya tun da ciwon ya zo, amma ya iya zane. Ya zana sirinji a siminti, karkatacce, da tsininsa. Ya nuna bangon ɗakin gaba. Ya ja yatsa a maƙogwaronsa. Ya sake yi tun daga farko.

Shekara arba'in suna tare, ya san fuskarta in ta gane abu. Ta gane. Ta ajiye kwanon. Sannan ta sa ƙafa ta murje zanen.

"Ba abin da za su yi, baki ne kawai irin na samari," in ji ta. Ta zauna, ta rage murya. "Malam, ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mini. In na buɗe baki, gawarsa ma ba za su ba ni ba. Kai ka ce in kashe shi da hannuna?"

Ya kama gefen zanenta, ta zare a hankali. Kafin ta fita ta ja buhunan gawayin zuwa can bakin ƙofa, inda hannunsa ba zai kai ba, duk da ciwon bayan.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Allura ya shigo kamar kullum, Auta ba ya gida. Ya yi sallamarsa, ya tambayi ƙarar wa za a ji. Magatakarda ya cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. Ya nuna shi, ya nuna bango, ya ja yatsa a wuya, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa cikin kunne. Mai Allura ya daina murmushi. Ya dubi bangon, ya dubi abokinsa, ya juya wajen Inna da ke tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ya tambaye ta ko akwai wani abu da ya kamata ya sani.

Magatakarda ya zuba mata ido. Kalma biyu ta ishe shi, ka gudu. Ba sai ta ambaci sunan kowa ba.

"Tun jiya yake haka," in ji Inna. "Maƙogwaro ke damunsa, ba ya iya haɗiya."

Mai Allura ya ce af, ashe abin da ake ta nuna masa ke nan. Ya ciro 'yar tocila ya ce a buɗe baki, ya leƙa, ya ce ya ɗan yi ja amma ba abin tsoro ba ne, zai kawo maganin ruwa ranar Litinin. Ya wanke gyambo, ya ɗaure, ya ɓamɓare yatsun Magatakarda ɗaya bayan ɗaya daga rigarsa yana cewa wannan hannun hagu ai ya isa kokawa. Ya ɗauki jaka ya tafi.

Ranar Asabar da safe, lokacin da masu shago ke ɗage ƙofofinsu, aka ji harbi uku daga kusurwar layi, wajen shagon Mai Allura, sai ƙarar babur, sai gudu da kururuwar mata. Magatakarda yana kwance a gefen da aka bar shi tun jiya. Ya ji tsintsiyar Inna ta tsaya a tsakar gida, sannan ta ci gaba. Bayan kamar rabin awa Auta ya shigo ta ƙofar baya, ya wanke hannu da fuska a bakin famfo, ya ce a ba shi shayi. Aka ba shi. Magatakarda bai san hannun wa ya riƙe bindigar ba, kuma ko a cikin ransa bai yarda ya rubuta abin da bai gani ba. Abin da ya ji da kunnensa dai ya ji.

Sojoji suka zo da rana suka kwashe samari goma sha ɗaya daga bakin kasuwa, masu dako da masu sayar da ruwa. Babu ko ɗaya daga masu zuwa ɗakin gaba. Baffa ya zo gaisuwa ya biyo ta gidan, ya ce mutanen daji ne, baƙi ne daga wata ƙasa, ɗan layin nan ba zai yi haka ba. Ya yi maganar yana kallon takalmansa. Inna ta je gidan makokin Mai Allura ta zauna cikin mata har yamma, ta dawo idanunta sun kumbura. Kukanta na gaskiya ne, Magatakarda bai yi shakkar wannan ba. Taron bayan la'asar ya tsaya na kwana huɗu, rana ta biyar kwanon batir ya koma bakin ƙofa.

Litinin ta wuce, Alhamis ta wuce, ba wanda ya buɗe bandeji. Ya manne da nama, ruwa ya riƙa ɓullowa ta gefe yana jiƙa katifa. Zazzaɓi ya shiga. Ƙudaje suka gano ɗakin. Inna ta riƙa kunna turare a bakin ƙofa don kada warin ya kai ɗakin gaba, ta ce Auta ya yi ƙorafi. In ta zo da shayi takan ce ƙaddara ce, kwanan Mai Allura ne ya ƙare, ko an faɗa masa ko ba a faɗa ba ranarsa ba za ta wuce ba. Magatakarda ya daina kau da kai daga cokali. Yakan haɗiye ya rufe ido.

Rana ta tara bayan kisan, da hantsi, aka yi sallama da muryar mace. 'Yar Mai Allura ce, ma'aikaciyar jinya, wadda ta daɗe da barin layin. Ta ce tana kwashe kayan shago ta tarar da ƙunshi a ƙarƙashin kanta, an rubuta Magatakarda a jiki da rubutun babanta, bandeji ne da man shafawa da kwalbar maganin maƙogwaro. Ta ce ta ga bai kamata saƙon ya kwana a hannunta ba. Inna ta karɓa da hannu biyu tana godiya, ta so ta tsai da ita a tsakar gida, amma yarinyar ta ce sai ta gai da Baba.

Ta shiga ta durƙusa ta gaishe shi. Hancinta ya faɗa mata sauran. Ta naɗe hannun riga ta ce a kawo ruwan ɗumi da gishiri. Ta tambaya ko akwai namiji a gidan da zai taya su juya shi. Inna ta ce Auta yana ciki amma ba ya jin daɗi. Su biyu suka juya shi. Ta jiƙa tsohon bandejin ta ɓare shi kaɗan kaɗan, Inna tana riƙe da kwanon ruwa. Hannunta irin na babanta ne, ba ya gaggawa.

Tana wankewa tana magana. Ta ce mutumin da bai taɓa korar mara lafiya don ba shi da kuɗi ba, a harbe shi da mabuɗin shago a hannu. Ta ce an jefa takarda a wurin wai hukuncin shari'a ne aka zartar, ita kuma ta kwana tana tunanin wace shari'a ce wannan da ba ta tambayar mutum ko ya yi ko bai yi ba.

"Inna, su waɗannan mutane daga ina suke fitowa ne?" in ji ta. "Ba su da iyaye? Ba wanda ke ganin shigarsu da fitarsu?"

"Allah kaɗai ya sani, 'yar nan," in ji Inna. "Allah ya tona asirinsu."

Yarinyar ta ce amin.

Magatakarda fuskarsa na kallon bango. A kotu ya sha jin ana gargaɗin mutane cewa ɓoye shaida zunubi ne da ke cin zuciya, kuma ya sha ganin masu ɓoyewar. Ba mugaye ba ne yawancinsu. Uwa ce, ƙane ne, maƙwabci ne mai tsoron fitina, kowa da dalilinsa mai kama hankali. Bai taɓa tsammanin zai ga an tara su duka a gidansa ba. Waɗanda suka yanke hukunci a ɗakin gaba ba su san shari'a ba. Waɗanda ke tsakar gida sun san daidai gwargwadon abin da ta ɗora musu, suka ajiye shi. Shi da ya san ta ciki da waje yana kwance a kan fitsarinsa, 'yar mamaci tana wanke masa baya.

Ta gama ta ɗaure, ta gyara masa matashi. Ta ce gyambon nan ba na wasa ba ne, in aka bar shi zai shiga jini. Ta ce ta nemi hutun wata guda daga asibitin barikin sojoji inda take aiki, saboda haka za ta riƙa zuwa kullum da hantsi har ya kama hanyar warkewa, ko don babanta. Magatakarda ya ji kalmar bariki ta fita daga bakinta da ƙarfi, ta haye bangon. Ya girgiza kai, ya ture hannunta, ya nuna mata ƙofa. Ta yi murmushi ta ce babanta ya faɗa mata Baba akwai rigima, gobe ma sai ta zo ko ya so ko ya ƙi.

Inna ta raka ta har waje. Da ta dawo, ya ji an zare sakatar ɗakin gaba, ya ji takun ɗansa ya tsaya a bakin famfo.

"Inna, a wane asibiti ta ce take aiki?"

Inna ta yi shiru har Magatakarda ya fara sa rai. Sannan ta faɗa wa Auta.